Ranar da Malam Ya Kwance Ɗaurin Surukinsa

Bana shekara ashirin da ɗaya ke nan da aka fitar da maigidana daga gidan nan namu na Yalwawa. Na ƙirga da yatsu na sake ƙirgawa, don ni a raina kamar bara aka yi. Autanmu da yake rarrafe tsakanin ƙafafun masu zaman makoki, yau shi ne da gemu, har yana yi min faɗa wai in rage sukari a shayi.

Ban taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba kuwa a jarida zan fara ba. Ni Malam nake ce masa. 'Yan tashar Dutse kuma Ɗan Zagaye suka laƙaba masa, saboda ba ya tayar da bas ɗinsa sai ya zagaye ta da sifana a hannu, ya tsuguna gaban kowace taya, ya gwada kowane noti. Direban haya ne, Dutse zuwa Kano, tun farkon ƙirƙiro jihar nan, lokacin da garin ya cika da ma'aikatan da gangar jikinsu ke Dutse, iyalinsu ke Kano. Ran Juma'a bayan an sauko daga masallaci kowa Allah-Allah yake ya ga gida, shi kuwa gogan yana can a tsugune. Fasinja su yi ta tsaki. Wani ya leƙo ta taga ya ce, "Direba, yau za mu tafi ko sai gobe?" Ya ce, "Yau, in Allah ya yarda. Da ƙafa huɗu kuma."

Na taɓa tambayarsa ko wani mummunan haɗari ya gani da ƙuruciya ya sa shi wannan ɗabi'a. Ya ce a'a, bai gani ba, kuma ba ya so ya gani.

Abin da ya taso min da shi a 'yan kwanakin nan, babban ɗanmu Abba ne ya ɗauke ni zuwa awon hawan jini, taya ta sace a hanya. Muka tsaya wajen wani mai faci. Ya yi facinsa tsaf, ban ga laifinsa ba. Da ya zo mayar da tayar sai ya jawo wata bindigar iska, ya cusa noti a bakinta, tarrr, tarrr, ya bi su ɗaya bayan ɗaya a jere, ɗaya hannun yana riƙe da waya yana hira. Kafin in gyara mayafi wai an gama. Na ce, "Abba, sauka ka kwance." Ya ce, "Haba Umma, yanzu ai inji ke yi." Na ce, "Injin ne zai zauna a motar ko ni?" Ya yi dariya, amma ya sauka. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Da ya riƙe sifanar nan sai da na kau da kai, don har yadda yake karkatar da wuya na ubansa ne.

Ni ba direba ba ce, malamar firamare ce da ta yi ritaya, amma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Karatun Malam na haddace shi ba da niyya ba. Kafin a mayar da taya a goge laka da tsatsa daga inda za ta zauna. Noti da yatsu ake fara shigar da shi, in ya ƙi tafiya da yatsu to ya hau zare a karkace, a dawo da shi, kada a tilasta masa. Ba a ɗaure su a jere. In ka ja wannan, ka tsallaka ka ja wanda ke fuskantarsa, kaɗan-kaɗan, yadda makaɗi ke jan fatar ganga ta kowane ɓangare don kada ta zauna a karkace. Sai an sauke mota daga jak, taya ta taka ƙasa, sannan a yi ɗaurin ƙarshe da ƙarfin hannu. Ba a hawa sifana da ƙafa, ba a ƙara mata bututu, ba a shafa wa zare mai. Mai yana sa noti ya yi ta shiga har ya wuce ƙa'ida, ƙusar da yake hawa ta ja ta yi rauni, mutum yana murna wai ya ɗaure tam. In an yi 'yar tafiya kuma a tsaya a sake dubawa. Wannan tsayuwar ita ta fi ɓata wa fasinja rai.

Nakan ce da zai leƙo ya ga Dutsen yau, da ya riƙe baki. Tituna sun yi sumul, adaidaita ta cika gari, yaran da ba su kai auta ba suna taka mota kamar an biyo su. Injin nan kam Malam ba zai tsane shi ba, mutum ne mai son kayan aiki. Abba ya ce min yanzu har akwai sifanar da ke yin ƙat in ɗauri ya kai daidai, na ce da ubanka ya samu wannan da sai ya sa mata suna. Abin da zai ɓata masa rai shi ne wayar nan da ke ɗaya hannun.

Amma ba darasin kanikanci ne ya sa na ɗauki biro ba. Wannan ɗabi'a tasa ta jawo masa fushin mahaifina har shi Malam ya koma ga Allah, alhali kalma ɗaya ta isa ta wanke shi. Ya ƙi faɗa, ya kuma hana ni faɗa.

Baba maƙeri ne a Aujara, ɗan maƙeri, jikan maƙeri. Garma, lauje, gatari, duk wanda ya yi noma a yankinmu ya riƙe aikin hannunsa. Dogo ne mai faɗin ƙirji, ko da furfura ta cika masa kai samari ba sa yarda su gwada hannu da shi. Ba shi da gona mai yawa, ba shi da sarauta, hannun nan shi ne abin alfaharinsa. Kuma a ganinsa duk abin da aka yi da ƙarfe, daga allura har jirgin sama, a ƙarƙashin ikonsa yake. Ni na gado shi a zafin rai, ba sai an faɗa min ba. Malam kuwa kunyarsa yake ji irin ta mutanen da. Tun daga nesa yake tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaishe shi kai a ƙasa. Ba ya cin abinci a gabansa, ba ya haɗa ido da shi.

Shekarar da Inna za ta sauke farali, ana tsakiyar bazara, aka yi sanarwa a rediyo cewa maniyyatan ƙaramar hukumarmu su hallara a sansani a Dutse kafin la'asar. Malam ya ajiye haya ya kawo bas ɗinsa Aujara. Rakiyar mai tafiya Makka kuwa kun san yadda take, kowa so yake a ce da shi aka yi. Mota ta cika maƙil, maza a gaba, mu mata a baya da Inna a tsakiya, ta rungume jakarta kamar za a ƙwace. Ba mu yi nisa a kan burji ba tayar baya ta fashe.

Malam ya fito da jak da safaya, ya ɗaga mota, ya cire tayar. Maza duk suka sauko, kowa yana so ya sa hannu ya samu lada, don motar alhajiya ce. Wannan ya riƙe taya, wancan ya tara noti a hula. Rana tana dukan kai, Inna tana ta tambayar ƙarfe nawa. Sai Baba ya naɗe hannun riga ya ce, "Kawo nan, ɗana. Wannan aikin namu ne." Ya miƙa hannu.

Na ga fuskar Malam a lokacin. Gaba kura baya sayaki. Wane suruki ne zai ce wa uban matarsa a'a, a gaban mutanen garinsu, a kan aikin ƙarfe? Ya miƙa sifanar da hannu biyu, ya ja da baya.

Baba ya yi aikin yadda maƙeri zai yi, kuma da zuciya ɗaya ya yi. Ya ga zare ya bushe, ya ce a kawo baƙin mai, ya shafe kowace ƙusa. Ya ɗora noti ya bi su a jere. Da aka sauke mota ya ce a ba shi bututu, ya zura a sifana, ya hau da ƙafa ya danna da duk nauyinsa. Ƙarfe yana ƙara, mutane suna masa kirari: "Sai maƙeri! Wannan ko Madina aka je ba za ta kwance ba!" Ya sauko yana share gumi ya ce, "To, mu tafi." Aka shiga. Baba da ya saba cika mota da hira ya yi shiru, na ɗauka gajiya ce.

Malam ya ja motar nan kamar mai ɗauke da ƙwai. Kafin Kiyawa, a wani ƙauye mai masallaci a bakin hanya, ya tsaya ya ce, "A yi azahar a nan, kada ta wuce mu. Ku fara, zan duba ruwan mota." Babu mai musun sallah. Maza suka nufi rijiya alwala, mu mata muka zauna a inuwar darbejiya kusa da mota. Suna ba da baya ya zaro sifana. Dabararsa ke nan, ya gyara ɗaurin Baba bai sani ba, kowa ya tsira da mutuncinsa.

Ina kallonsa. Ya kwance ɗaya da ƙyar, ya kwance wani. Yana ɗora sifana a kan na gaba, ko ƙarfi bai sa ba, sai na ji ƙas. Notin ya faɗo da guntun ƙusarsa a ciki, ta karye. Ya dubi abin a tafin hannunsa, ya dubi wajen masallaci, ya jefa a aljihu. Sannan ya shiga aiki da saurin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya ɗaga mota, ya goge man da tsumma, ya mayar da sauran da yatsu, ya ja su a tsallake, ya sauke. Yana gama ɗaurin ƙarshe sai ga Baba ya dawo ɗaukar carbin da ya bari a kan kujera. Malam ya yi maza ya kife marfin taya ya rufe gurbin da babu noti, amma sifanar tana hannunsa.

"Me kake yi?" in ji Baba.

Malam ya sunkuyar da kai.

"Tambayarka nake. Ɗaurin nawa ne bai yi maka ba?"

Malam ya durƙusa ya ce, "A gafarce ni, Baba. Sabo ne."

"Sabo? Ka aike ni sallah don ka kwance aikina a bayan idona? Tun kafin a haife ka nake dukan ƙarfe. Yau ni za a tura alwala kamar yaro?"

Muryar Baba ta kai masallaci, mutane suka firfito. Wani dattijo yana ba shi haƙuri, wani ya juya ya ce wa Malam, "Kai ma dai ba ka kyauta ba." Kowa ya yarda bai kyauta ba. Ni har na buɗe baki zan yi magana, Malam ya ɗago ya yi min wani kallon da bai taɓa yi min ba kafin nan ko bayan nan. Na haɗiye.

Baba ya ce, "Na gama shiga motarka." Bayan an idar da sallah ya tsaya a bakin hanya ya tare wata akori-kura mai ɗauke da buhunan gero, ya hau baya. Mu kuma muka ci gaba a hankali, don tayar da giɓi take tafiya, mutane suna ta guna-guni wai bayan rashin kunya ga kuma nawa. Muka isa ana cikin kiran suna. Inna ta samu shiga, ta tafi, ta dawo lafiya da haƙorin Makka.

Da yau ne abin ya faru, kafin Baba ya rufe baki wani ya ɗauki hoton guntun ƙusar ya watsa a waya, kafin magariba Aujara da Jahun duk sun gani. Yanzu kowa yana da hujjarsa a aljihu, kuma ba ya jinkirin fito da ita. Ban ce duk laifi ne ba, sau da yawa hujja tana ceton wanda aka zalunta. Ni ma a ranar irin ra'ayina ke nan.

Washegari da safe na tare shi a tsakar gida. Na ce, "Malam, ba ni abin da ke aljihunka. Yau zan je Aujara." Ya ce me zan yi da shi. Na ce zan ajiye wa Baba a kan uwar maƙera ya gani da idonsa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce da ba ka tsaya ba, da sauran sun bi ta ɗaya bayan ɗaya, da yanzu gawa nawa ake yi wa sallah? A zage ka a gaban jama'a don ka ceci ransu, ni kuma in zuba ido?

Ya bar ni na gama, don ya san in na ɗauko ba a tare ni. Sannan ya ce, "In kin kai masa, Aujara za ta ji. Za a ce ga maƙerin da ya karya ƙarfe a ƙarƙashin matarsa tana hanyar Makka. Da wane ido zai zauna a maƙera? Ni a ce min marar kunya zan iya ɗauka, da sauran ƙuruciyata. Shi hannun nan kaɗai gare shi." Na ce, to gaskiya fa? Ya ce, "Kowa ya sauka lafiya, wannan ta ishe ni. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba." Ya zaga bayan gida ya jefa guntun a masai, ya dawo ya sa na yi masa alkawari. Na yi, ina kuka don haushi. Kwana biyu miyarsa ba gishiri, ya ci abinsa a haka. Ranar da muka yi maganar kuma bai ɗauki fasinja ba sai da kanike ya sa masa sabuwar ƙusa.

An ce ƙarfe ɗaya ba ya amo, amma wannan ya yi ta amo shi kaɗai shekara da shekaru. Da Inna ta dawo ta gwada sulhu, ta haɗa su a zaure da dabino da ruwan zamzam, Baba ya sha ruwan ya tashi ya tafi maƙera. Duk sallah Malam ya kwashe mu ya kai Aujara, ya tuɓe takalmi ya durƙusa. Baba ya ce "lafiya" idonsa yana kan wuta. Suna kuma ya bi shi. In ana so a ja kunnen sabon ango a garin, sai a ce kada ka yi irin ta direban nan da ya kwance wa surukinsa ɗauri. Ni nake jin wannan a gidan biki da gidan suna, in cije leɓe. Wallahi akwai ranakun da na tsani alkawarin nan, na tsani haƙurin Malam ɗin ma.

Wata damina Baba ya kwanta ciwo mai tsanani, aka ce sai asibiti a Dutse. Malam ya bar layinsa a tasha ya taho. Baba yana kwance ko kai ba ya iya ɗagawa, amma da ya ji motar wa ce a ƙofa sai ya juya fuska bango. Na ce, "Baba, maganar rai fa ake yi!" Ya ce ya riga ya faɗa. Malam ya juya. Ya je ya samo wani abokin aikinsa da motarsa. Kafin a fito da Baba ya tsuguna ya gwada kowane noti a motar mutumin, sannan ya bi su a baya har Dutse, bas ɗinsa ba kowa a ciki. A asibiti shi ke kai abinci, ya miƙa ta hannuna, ya tsaya a baranda.

Da aka shigo shekarun shari'a, aka fara raba maza da mata a motocin haya, wa'azi ya cika tasha, Malam ya yi murna ƙwarai, don mutum ne mai riƙon addini. Sai dai yakan ce wa matasan direbobi, "Mun raba maza da mata, madalla. Amma taya in ta fice ba ta tambayar wa ke gaba wa ke baya. Wanda ya shiga motarka amana ya ba ka." Wasu su ji, wasu su ce Ɗan Zagaye ya buɗe tafsiri. Ni kuma na ga ƙofa ta samu, na ce masa tunda yanzu maganar gaskiya da adalci ake yi a ko'ina, ai lokaci ya yi da zai karɓi nasa adalcin. Ya ce, "Rufa wa musulmi asiri ba ya cikin shari'ar?"

Ciwon da ya ɗauke shi bai daɗe ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a kan titi, ko akuya bai taɓa bugewa ba, a kan gadonsa ya cika, da hantsi, a ɗakin nan da nake rubutu.

Baba ya zo jana'iza. A lokacin ƙarfi ya tafi, sanda yake dogarawa. Ya zauna cikin maza a ƙofar gida. Ran sadakar uku, bayan jama'a sun watse, ya yi sallama ya shigo ɗakin da nake takaba. Na shimfiɗa masa tabarma ya ƙi, ya zauna a ƙasa a bakin ƙofa. Can ya ce, "Ta karye, ko?"

Na ce, "Me, Baba?"

"Ƙusar. Ranar rakiyar innarki."

Na ce wa ya faɗa masa. Ya ce, "Wa zai faɗa min? Ni maƙeri ne. A tafin ƙafata na ji ta lokacin da ta saki. Na ji ta yi laushi, mutane suna min kirari, na kasa cewa a kwance. Na shiga motar na zauna, da matata da 'yata a ciki, na yi shiru." Ya numfasa. "Da na dawo na gan shi da sifana na san ya gani. Na yi ta jira ya fito da ita ya nuna wa jama'a in huta. Ya ƙi. Duk ranar da ya durƙusa a gabana ji nake kamar a kan garwashi nake zaune. Ba fushi ne ya hana ni shiga motarsa ba, 'yata. Kunya ce."

Na sha jin ana cewa tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, ranar na gan ta da idona. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. 'Yar maƙeri ce ni, wuta ta taso min har wuya, na so in ƙirgo masa kowace sallah da kowace gaisuwar da ya amsa da ƙeya. Amma tsoho ne a zaune a ƙasa, hannuwan nan da ake tsoro suna riƙe da sanda. Abin da ya iya fitowa daga bakina kawai shi ne, "Baba, da ka ce masa ko sannu ce."

Ya ce, "Kullum cewa nake sai sallah mai zuwa. Na ɗauka ni zan riga shi." Sai ya ɗago ya ce, "Ya bar min wata magana?"

Na ce ya bari, amma ni ya bar wa. Ana gobe zai rasu ya kira ni ya ce, "Maganar nan ta Baba, ko bayan raina kada ki faɗa masa. Ya tsufa, ba zai iya ɗauka ba."

Baba ya cire hularsa ya rufe fuska da ita. Ban taɓa jin kukansa ba sai ranar.

Juma'ar da ta biyo, bayan an idar da sallah a Aujara, ya miƙe a ƙofar masallaci da sandarsa, a cikin rana, ya ba da labarin da bakinsa. Bai rage komai ba, har man da ya shafa da bututun da ya taka. Shi ya sauke min alkawari, shi ya sa yau nake iya rubutawa. Bai daɗe ba shi ma ya bi surukinsa. Allah ya jiƙansu, ya haɗa su a inda babu sauran kunya tsakaninsu.

Bas ɗin an sayar, ta daɗe da shiga hannun 'yan gwangwan. Tasha ta canza, waɗanda ke tuna Ɗan Zagaye 'yan tsiraru ne, su ma duk sun ajiye tuƙi. Bai bar bene ba, bai bar gona ba. In na auna abin da ya rage nasa, sai in ga mutanen da ya sauke lafiya ne, a Kano da Dutse da ƙauyukan da ke tsakani, waɗanda suka yi masa tsaki suka sauka suka manta da shi. Wasu daga cikin matan da muka zauna a inuwar darbejiyar nan yau da jikokinsu, wasu har da tattaɓa kunne.

Har yau muhawara nake da shi a raina. Wata rana in ce ya yi daidai, wata rana in ce taurin kai ne, ya cinye mana shekarun da ya kamata a ce yara sun ga ubansu da kakansu suna cin tuwo a zaure ɗaya. Amma ko a ranar da na fi jin haushinsa ina alfahari da shi, kuma ban taɓa ganin namiji irinsa ba. Mutanen Aujara sun wanke shi bayan ya tafi, suka yi ta zuwa har Yalwawa suna neman in yafe musu a madadinsa. Shi bai ji ko ɗaya ba. Na kuma tabbata da ya ji, abin da zai fara tambayata shi ne, wa ya bar Baba ya tsaya a rana yana tona wa kansa asiri.